Wa Ya Gani, Wa Ya Faɗa: Yadda Ake Zaɓen Littattafan Tarihin Mutanen Da Don Karanta wa Yara a Gida

Daren da na fara ba 'ya'yana labarin Bayajidda, na kai daidai inda ya zare takobi a bakin rijiyar Kusugu ke nan sai babbar, tana da shekara bakwai a lokacin, ta katse ni.

"Baba, wannan tatsuniya ce ko da gaske ne?"

Na ce tarihi ne. Ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce, "To wa ya gani?"

Na rasa ta cewa. Yarinyar tana da gaskiyarta, domin ita tatsuniya ta saba da ita, tatsuniya kuwa ba ta yaudarar yaro. Da "ga ta nan, ga ta nanku" take sallama, da "ƙurunƙus" take ban kwana, kowa ya san inda ƙarya ta fara da inda ta tsaya. Shi kuwa labarin da na kawo mata ya shigo ba sallama, ga maciji mai hana gari ruwa, ga kuma rijiya da har gobe ana zuwa Daura a sha ruwanta. Tun daga wannan dare, tambayar nan tata ta zama ma'aunin da nake auna duk littafin da zan shigo da shi gida.

Wannan jagora ta iyayen da suka ɗauki nauyin karantar da 'ya'yansu a gida gaba ɗaya ce, da kuma waɗanda 'ya'yansu ke zuwa boko da Islamiyya amma suke so su cike musu giɓi da dare. Giɓin kuwa babba ne, don an shafe shekaru a Nijeriya babu darasin tarihi mai zaman kansa a firamare kafin a maido shi. Maganar ta fi shafar yara 'yan shekara biyar zuwa goma.

Kwando uku

Kafin ka sayi ko littafi guda, ka raba labaran da zuwa kwando uku a zuciyarka, kuma ka koya wa yara sunayensu.

Na farko tatsuniya: Gizo da Ƙoƙi, Kura da Dila. Babu mai tambayar yaushe aka yi.

Na biyu "an ce": labarin da kakanni suka miƙo baki da baki, akwai ƙwayar gaskiya a ciki amma shekaru sun yi mata riga. Bayajidda da Daurama suna nan, haka Barbushe da Tsumburbura a kan dutsen Dala, haka yawancin abin da ake faɗa game da yaƙe-yaƙen Sarauniya Amina. Malaman Hausa suna kiran wannan kwando tarihihi.

Na uku "ga shaida": abin da aka tono a ƙasa, ko aka tarar a rubuce tun zamanin. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya kusa da ƙauyen Dufuna a jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da katako. Da aka tone shi sai ga kwalekwale mai tsawon fiye da mita takwas, kuma awon da aka yi masa ya nuna ya kai kimanin shekara 8,000. Wannan labari yana da wanda ya gani, yana da abin da za a taɓa.

Kowane kwando da amfaninsa, kuma yaro yana bukatar dukansu. Littafin da za ka guje wa shi ne wanda ya juye su wuri guda ya dama, ya ba da labarin aljani da na sarki da murya ɗaya. Yaron da ke zuwa Islamiyya ba zai sha wuyar gane wannan ba, tunda ya saba jin malam yana cewa wane ne ya ruwaito daga wane.

Labaran annabawa kuwa a ba su nasu zama daban, daga littafin addinin gidan da bakin malamin da iyaye suka amince da shi. Idan an zo Masar yaro zai tambayi Fir'auna. Ka gaya masa fir'auna sarauta ce kamar yadda muke cewa sarki, an yi su da yawa cikin shekara kusan dubu uku, kuma Alƙur'ani bai ambaci sunan yanka na wanda ya yi zamani da Annabi Musa (AS) ba.

Ginshiƙi ɗaya, sauran azara

Kuskuren da na fara yi shi ne tara littattafai. Na taɓa zuba kuɗi a wani shago na sayo ƙaton littafi mai sheƙi, hoto a kowane shafi. Da na zo gida na ga ba ya karantuwa da baki: guntun bayani nan, akwati can, kibiya tana nuna hular soja. Yara suka kalli hotuna kwana biyu, ya koma ƙarƙashin gado.

Abin da ke aiki shi ne littafi ɗaya mai bin zamani daki-daki, daga farko zuwa ƙarshe, da za a riƙa komawa gare shi duk mako. Shi ne ginshiƙi. Sauran littattafai, na hoto da na labari da taswira, azara ce da ake ɗorawa a kansa.

Iyaye masu karantarwa a gida a Amurka sun daɗe da wannan tsari. Da yawansu suna raba tarihin duniya kashi huɗu, kowane kashi shekara guda, su fara da zamanin da. Littafin da ya yi suna a wurinsu shi ne *The Story of the World* na Susan Wise Bauer. Juzu'i na farko yana da babi 42, daga makiyayan farko har faɗuwar Rum. An rubuta shi don kunne, babi gajeru ne, wannan shi ne ƙarfinsa. Amma ka san abin da ka saya. Idonsa yana kan Gabas ta Tsakiya da Girka da Rum. Babin da ya ware wa tsohuwar Afirka rabinsa tatsuniyoyin Anansi ne, wato ɗan'uwan Gizonmu na ƙasar Ghana. Labaran Annabi Ibrahim da Yusuf da Musa kuma ya kawo su ne yadda suke a Baibul, saboda haka gidan Musulmi zai so ya karanta waɗannan babi tun kafin zama, ya san yadda zai yi da su. Akwai kuma *A Little History of the World* na Ernst Gombrich, wanda aka fara bugawa da Jamusanci a 1936. Muryarsa ta kaka ce mai ba jika labari, sai dai ya fi dacewa da ɗan shekara tara zuwa sama, kuma shi ma Turai ce tsakar gidansa.

Idan da Turanci ko Faransanci ginshiƙinka yake, kada ka tsaya kana fassara jimla-jimla a gaban yara, za su yi barci. Karanta babin kai kaɗai da rana, ka rubuta sunaye uku ko huɗu a 'yar takarda, da dare ka ba da shi da Hausa kamar abin da ka gani da idonka. Littafin yana buɗe a cinyarka don hoto.

Abin da muke da shi da Hausa

Akwai gado mai kyau, yawancinsa daga Zariya. *Labarun Hausawa da Maƙwabtansu*, juzu'i biyu da Hukumar Fassara ta fitar a farkon shekarun 1930, ya tattaro tsofaffin rubuce-rubucen Larabci ya mai da su Hausa, har da kundin sarakunan Kano da ya fara daga Bagauda. *Kano Ta Dabo Cigari* na Alhaji Abubakar Dokaji shi ma yana bin sarakunan ɗaya bayan ɗaya. Waɗannan na uba da uwa ne. Jerin sarakai da yaƙe-yaƙe ba abincin ɗan shekara shida ba ne, sai a tsinto masa tsoka: Gijimasu da fara ginin ganuwa, zuwan Wangarawa a zamanin Yaji, Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) da kasuwar Kurmi da baƙuncin Shehu Magili.

Don horar da kunne kuwa, *Magana Jari Ce* na Abubakar Imam har yau ba a ture shi ba. Ba littafin tarihi ba ne, labarai ne da aku ke bayarwa, waɗanda Imam ya ɗebo daga ƙasashe daban-daban ya sa musu rigar Hausa. Amfaninsa shi ne yana koya wa yaro zama ya bi labari mai tsawo, kai kuma yana koya maka yadda jimlar da aka gina don baki take tafiya. Haka *Tatsuniyoyi da Wasanni* na Ibrahim Yaro Yahaya, ga ƙanana. *Ganɗoki* na Bello Kagara yana da wani amfani na musamman: ya fara da yaƙin Kwantagora da Turawa, abin da ya faru, sannan ya zarce ƙasar aljanu. Karanta wa 'yan shekara tara ka ce su ɗaga hannu a daidai inda labari ya tsallaka daga wannan kwando zuwa wancan. *Shaihu Umar* na Abubakar Tafawa Ɓalewa a ajiye shi sai yaro ya ƙara girma, don zancen bauta da raba ɗa da uwa yana da nauyi.

Gwajin kunne

Kada bango ya ruɗe ka. Kana tsaye a shago ko gaban mai gwanjon littattafai, buɗe tsakiyar littafin, ka karanta shafi ɗaya a hankali da motsin baki. Duba abubuwan nan:

1. Numfashi. Idan jimla ta ƙare maka numfashi kafin ta kai aya, yaro ya riga ya ɓata a hanya.
2. Mutum. A shafin akwai wanda yake yin wani abu? "Masarawa sun ƙware a gini" ba ya zama a kan yaro. Mai gashin burodi da ke ciyar da maginan dala yana zama, kuma gaskiya ne, don an tono unguwar ma'aikatan a Giza da wuraren gashinsu da kaburburansu.
3. Yawan sunaye. Sabbin sunaye fiye da huɗu a zama ɗaya lodi ne.
4. Shaida. Littafin yana cewa "an tono", "an tarar a rubuce", "masana suna zato"? Ko kuwa komai da murya ɗaya yake faɗa kamar marubucin yana wurin?
5. Afirka. Juya zuwa jerin sunaye na bayan littafin ka nemi Kush, Meroe, Aksum, Nok. Idan Masar kaɗai ka gani, ka san za ka yi ciko da kanka.
6. Hotuna. Hoton ainihin abin da aka tono ya fi zanen da mai zane ya ƙago. Sannan ka duba babin Girka da Rum, don gumakansu da yawa tsirara suke. Gara kai ka fara gani.
7. Taswira. Littafin tarihi marar taswira fatake ne marasa madugu.

Game da allolin mutanen da, tsallake su ba ya yiwuwa, domin ba za a gane dalilin busar da gawar fir'auna ba sai an san abin da suka yi imani da shi game da lahira. Magana guda ta isa: "Haka su suka yarda." A gidanmu mun saba wa yara da ita tun daga Tsumburbura, da muka isa Masar ba su ga wani sabon abu ba.

A fara daga ƙofar gida

Yawancin littattafai suna farawa daga kogin Nilu. Ni shawarata a fara da abin da ƙafa za ta iya takawa. Ɗan Kano ya hau Dala ya shiga Gidan Makama. Ɗan Katsina ya ga hasumiyar Gobarau. Na Jos yana da gidan tarihin da aka buɗe a 1952, inda ake ajiye da kawunan yumɓu na Nok. Na Yamai yana da gidan tarihi na Boubou Hama. Wanda ke ƙauye ya nemi kufai ko tsohuwar ganuwa ko marina, ya nemi dattijon da ya san labarinsu.

Bayan nan sai a faɗaɗa. Nok labari ne mai daɗi ga yara: masu haƙar kuza ne suka fara turo kawunan a 1928 a kudancin jihar Kaduna ta yanzu, kuma ana ba da labarin wani da ya kafa ɗaya a gonar doyarsa don korar tsuntsaye kafin masanin kayan tarihi Bernard Fagg ya gane darajarsa. Mutanen Nok suna narka ƙarfe tun kimanin shekara 2,500 da suka wuce. Daga nan a haura arewa zuwa Dabous a yankin Agadas, inda aka sassaƙa raƙumin dawa mai tsayin fiye da mita biyar a jikin dutse, tun zamanin da Sahara ke da ciyawa da tafkuna. Sai Nilu: Masar tare da Kush, kada a raba su. Yara suna mamakin jin cewa dalar da ke Sudan ta fi ta Masar yawa, kuma sarakunan Kush irin su Piye da Taharka sun mulki Masar ɗin kanta. Kalmar dala ma ba baƙuwa ba ce. Nuna musu tsohon hoton dalar gyaɗa ta Kano, sannan ka ce ta fir'auna Khufu da duwatsu aka jera ta, tsayinta ya kai mita 146. Daga nan Iraƙi, tsakanin Dijla da Furatu, inda aka fara rubutu a kan laka kuma sarki Hammurabi ya sa aka sassaƙa dokokinsa a dutse. Sai Farisa, Indiya, Sin, Girka, Rum.

Igiyar zamani

"Kafin haihuwar Annabi Isa" lissafi ne mai tafiya da baya, yana rikita ko babba. Da ƙanana ka riƙa cewa "shekara dubu huɗu da suka wuce", ka kuma nuna musu da igiya.

Sami igiyar shanya mai mita takwas ka ɗaure a tsakar gida. Kowace mita shekara dubu ce, bakin igiya shi ne yau. Ɗauko maƙalan shanya da 'yan takardu. Samun 'yancin kai na 1960 bai wuce tsawon yatsa ba daga baki. Jihadin Shehu Usmanu na 1804 taƙi guda. Rumfa kamu ɗaya da ɗan ƙari. Bagauda, bisa lissafin da ya sa shi a 999, mita ɗaya. Hijira ta 622 mita ɗaya da kusan rabi. Annabi Isa (AS) mita biyu. Hammurabi ya kusa mita huɗu, dalar Khufu huɗu da rabi, fara rubutu a birnin Uruk na Iraƙi biyar da ɗoriya. Kwalekwalen Dufuna yana can ƙarshe.

Ranar da muka yi wannan, ƙaramin ya tsaya a bakin igiya ya ce a nuna masa inda aka haifi Kaka. Na sa farce dab da 1960. Ya dubi farcen, ya dubi yayarsa da ke tsaye can wajen bakin zaure riƙe da takardar Dufuna, ya ce, "Ashe Kaka yarinya ce." Na ƙara musu da cewa igiyar nan tsawonta kusan ɗaya da na kwalekwalen. Suka zauna a ƙasa a jere suna tuƙi da muciya.

Duk sabon babi, sai a ƙara maƙali. Bayan wata shida igiyar ta zama littafin da suka rubuta da kansu.

Yadda zaman yake

Sau biyu ko uku a mako ya isa. Minti goma ga ɗan shekara biyar, ashirin ga ɗan tara. Bayan la'asar ko bayan isha'i, lokacin da ciki ya ɗauka. Fara da tambayar inda aka tsaya, nuna wurin a taswira, karanta ko ka ba da labarin, ka tsaya tun suna so. Kada ka bi su da tambayoyin jarrabawa. Ce wa ɗaya, "Je ka gaya wa Mamanku abin da ya faru," kai kuma ka kasa kunne. Wata malamar Ingila, Charlotte Mason, ta gina tsarin koyarwarta a kan wannan dabara ta sa yaro ya maimaita da bakinsa, amma duk wanda ya tashi a gidan da ake tatsuniya ya san ta: wanda aka ba yau, shi ke bayarwa gobe. Abin da yaro ya tsallake shi ne bai gane ba, sai ka koma kansa a zama na gaba. A ƙarshe ka tambaya, "Wane kwando za mu sa wannan?"

Sau ɗaya a mako a sa hannu. A kwaɓa yumɓu a yi ɗan allo, a danna masa alamu da bakin tsinke, a shanya. Ga rubutun Uruk. Yaron da ke wanke allonsa ya sake rubutu zai fi kowa gane ɗalibin Iraƙi da ke shafe lakarsa ya sake. A gina kan Nok da idanu masu huda. A jera dala da sukari mai ƙwaya.

Kuɗi da waya

Littattafan waje sun yi tsada. Gida uku su haɗa kuɗi su sayi ginshiƙi ɗaya, tunda da rana ake karanta babi a ba da shi da dare, littafin na iya kwana gida-gida. Taswirar duniya guda ta bango ta fi littafin hoto biyar. Tsofaffin bugun Zariya kuwa a tambayi kakanni da tsofaffin malaman firamare, sau da yawa suna cikin adaka.

Waya tana da amfani wajen hoto: manyan gidajen tarihi irin na Landan da Faris sun sa hotunan kayansu a intanet, za ka iya nuna dutsen Hammurabi ko fuskar zinariya ta Tutankhamun, wanda aka buɗe kabarinsa a 1922. African Storybook da StoryWeaver suna da gajerun littattafan yara da Hausa kyauta, don saba wa ƙanana da karatu. Bidiyo kuwa kada ka miƙa wa yaro sai ka kalla tukuna, domin masu cewa wasu halittu daga sama suka gina dala sun fi masu gaskiya iya haɗa hoto.

Kwanan baya yarinyar nan, yanzu ta kai goma sha ɗaya, na ji ta a ɗaki tana ba ƙannenta labarin Bayajidda. Ta kai bakin rijiya ta dakata, ta ce musu, "Rijiyar tana nan, Baba ya ce zai kai mu. Macijin kuwa, an ce." Sannan ta ci gaba da labarinta, su kuma suka ƙara matsowa.